Bayan ɗaukewar al'ada: maganin homon, haɗin gargajiya, da abin da ya kamata matan Kaduna su sani

Macen da ta kai shekara 47 ko 50 a garin nan ba kasafai take zuwa asibiti ta ce al'adarta ce ke shirin ɗaukewa ba. Abin da take faɗa shi ne, "Likita, jikin ne dai ba daɗi." Sai an matsa mata da tambaya za ta ce wani zafi ne yake taso mata daga ƙirji, ya haura wuya da fuska, ya yi 'yan mintoci, gumi ya karyo, sannan sanyi ya biyo baya. A tsakiyar hunturu, lokacin da kowa a Tudun Wada da Rigasa ya ƙudundune cikin bargo, ita tana tashi ƙarfe biyun dare ta sake riga domin ta jiƙe sharkaf. Ga faɗuwar gaba, ga mantuwa, ga saurin fushin da yaran gida suka fara ƙorafi a kansa. Kafin ta kai ga likitan mata, galibi ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro har ta gaji, ta sha na taifot, wata ma an yi mata ruƙiyya, domin a wurin mutane da yawa faɗuwar gaba da rashin barci ba su da fassara sai iska ko sammu.

Abin da ke faruwa a jikinta ba ɓoyayye ba ne. Jakar ƙwan mace tana samar da sinadarai biyu, estrojin da projesteron, waɗanda suke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Idan ƙwai suka kusa ƙarewa, sinadaran sukan fara hawa da sauka ba tsari, daga baya su yi ƙasa gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna kai wa wannan mataki tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ana cewa al'ada ta ɗauke ne idan an yi wata 12 a jere ba a ga jini ba. Estrojin ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Yana da hannu a sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, yana riƙe ƙarfin ƙashi, yana kula da laushi da danshin gaban mace da mafitsara. Shi ya sa raguwarsa take taɓa wurare da yawa a lokaci guda. Kuma abin ba na wata ɗaya ko biyu ba ne: wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa a tsakanin matan da zafin ke yawan taso musu, matsakaicin tsawonsa ya haura shekara 7, a wurin baƙar fata kuwa ya kai kusan shekara 10.

To ina mafita? A zaurukan WhatsApp na mata amsa iri biyu ce take yawo. Masu ɗan karatun boko suna cewa maganin homon na asibiti, wato mai mayar wa jiki waɗannan sinadarai da suka ragu, cutar kansa yake jawowa, a guje shi. Masu sayar da haɗi kuma suna cewa nasu daga itace da ganye aka yi shi, ba shi da illa ko kaɗan. Ni a ganina duka maganganun biyu sun cutar da mata, kuma ta biyun ta fi cutarwa a wurinmu, domin ita ce ta fi kusa da hannu.

Bari mu fara da tsoron, domin yana da tushe. A 1942 aka amince da wani magani mai suna Premarin a Amurka, wanda ake tace estrojin ɗinsa daga fitsarin goɗiya mai ciki. Shekaru da dama likitoci suna rubuta shi ba fargaba, har ana tallata shi a matsayin abin da zai hana mace tsufa. A 1975 bincike ya fito da hujjar cewa matan da ke shan estrojin shi kaɗai suna yawan kamuwa da kansar bangon mahaifa. Dalilin a fili yake: estrojin yana sa bangon mahaifa ya yi ta kauri, projesteron ne yake taka masa burki. Sai aka fara haɗa shi da projesteron na roba, wato wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Wanda aka fi sani a irinsa shi ne medroxyprogesterone, wato sinadarin da ke cikin allurar tazarar haihuwa ta wata uku da matanmu suka sani. Wannan ya magance matsalar mahaifa, amma ya buɗe wata ƙofar.

A watan Yulin 2002 aka dakatar da wani babban gwaji na gwamnatin Amurka, wanda ake kira WHI, tun kafin lokacinsa ya cika. Mata 16,608 ne a ciki, masu shekara 50 zuwa 79, an ba rabi haɗin sinadaran biyu, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan kimanin shekara 5 aka ga cewa a cikin kowace mata 10,000 masu shan maganin, a kowace shekara ana samun ƙarin mata 8 masu kansar mama, ƙarin 7 masu ciwon zuciya, ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu. An kuma ga raguwar karayar ƙugu da kansar hanji, amma wannan bai samu shiga kanun labarai ba. Miliyoyin mata suka watsar da maganin, likitoci suka janye hannu, kuma wannan tsoron ne ya ƙetaro har ya iso mana.

Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, ba na son kowa ya raina su. Mace 8 cikin 10,000 ƙaramin adadi ne a takarda, amma in mahaifiyarka ce ɗaya daga cikinsu, ba ƙarami ba ne. Sai dai akwai abin da aka tsallake wajen ba da labarin. Matsakaicin shekarun matan da aka yi gwajin a kansu 63 ne, da yawansu sun haura shekara goma da daina al'ada, jijiyoyin jininsu sun riga sun fara tsufa. Ba su ne matan da suke zuwa asibiti da kukan zafin jiki ba, waɗanda yawanci ba su wuce 50 da 'yan kai ba. Da aka koma aka rarrabe sakamakon bisa shekaru, sai aka ga cewa ga macen da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta yi shekara 10 da daina al'ada ba, haɗarin ya yi ƙasa sosai, kuma idan alamun suna takura mata, amfanin yakan rinjayi illar. Akwai kuma ɓangare na biyu na gwajin, na mata 10,739 da aka riga aka cire musu mahaifa, waɗanda aka ba kusan rabinsu estrojin kaɗai. An dakatar da shi a 2004 saboda ƙaruwar shanyewar ɓarin jiki, amma ba a ga ƙaruwar kansar mama a cikinsu ba. Wannan ya sa masana suka fi zargin projesteron na roba a batun mama.

Batun mama dai bai mutu ba. A 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani nazari da ya tattaro bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban. Lissafinsa shi ne, idan mata suka fara shan maganin suna da shekara 50 suka yi shekara 5 a kai, to cikin shekara 20 masu zuwa za a samu ƙarin mace 1 mai kansar mama a cikin kowace 50 masu shan sinadaran biyu kullum, 1 cikin 70 ga masu shan estrojin kullum da projesteron na wasu kwanaki a wata, 1 cikin 200 ga masu shan estrojin kaɗai. Kuma gwargwadon daɗewa a kan maganin, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. A ƙasar da kansar mama ita ce kan gaba a cikin kansar mata, kuma yawancin masu ita ba sa isa asibitin Shika ko na Barau Dikko sai ciwon ya ci jiki, wannan lissafi ya fi nauyi a kanmu fiye da kan matar da ake ɗaukar hoton mamanta a kai a kai a Ingila.

Wani abin da ya sauya tun 2002 shi ne nau'in maganin da hanyar shigarsa jiki. Ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta, a can ne take ƙara sinadaran da ke sa jini ya daskare. Estrojin da ake mannawa a fata kamar filasta, ko wanda ake shafawa, ba ya bin wannan hanya, kuma binciken da aka yi ta hanyar bibiyar mata ya nuna haɗarin gudan jini ya fi sauƙi da shi. Akwai kuma projesteron da tsarinsa ya yi daidai da wanda jiki ke samarwa, wanda alamu suke nuna ya fi na roba sauƙi ga mama, a 'yan shekarun farko dai. A watan Nuwamban 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sanar da cewa za ta cire yawancin babban gargaɗin da ta liƙa wa waɗannan magunguna bayan gwajin WHI. Wannan ba ya nufin maganin ya zama ruwan sha. Macen da ta taɓa yin kansar mama ko ta mahaifa, ko gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko ciwon hanta mai tsanani, ko wadda take zubar da jinin da ba a gano dalilinsa ba, wannan magani ba nata ba ne. Mai hawan jini kuma sai an fara daidaita shi, kuma kowa ya san yawan iyayenmu mata da ke yawo da hawan jini ba su sani ba.

A nan ne nake ganin haɗarin gaske yake a Kaduna. Ba yawan rubuta maganin homon likitocinmu suke yi ba. Matsalar tana kan kantar kemis. Ku tsaya a wani kemis na unguwa dab da azumi ko lokacin tafiya aikin Hajji, za ku ga mace ta sunkuyo ta rage murya ta ce wa yaron shago, "Ɗan nan, ba ni maganin tsayar da jini." Ya miƙo mata ƙwayar Primolut N a 'yar leda, ba tambayar shekaru, ba awon jini, ba tambayar ko ta taɓa kumburin ƙafa. Sinadarin da ke ciki, norethisterone, projesteron ne na roba, kuma a yawan da ake sha don jinkirta al'ada yana iya ƙara haɗarin gudan jini, balle ga mace mai ƙiba da za ta zauna sa'o'i a jirgi. Mata masu shekara 40 da wani abu, waɗanda jininsu ya rikice har sun kasa bambance haila da istihala, suna shan sa wata da watanni domin su samu su yi salla cikin natsuwa. Niyyarsu kyakkyawa ce, kuma damuwarsu ta gaske ce. Amma jinin da ya rikice a wannan shekaru yana iya zama na sauyin sinadarai kawai, yana kuma iya zama ƙari a mahaifa ko farkon kansa, ƙwayar kuwa rufe alamar take yi.

Akwai kuma waɗanda tsoron maganin yake zalunta. Yarinya mai shekara 35 da aka yi wa aikin ƙarin mahaifa aka haɗa da cire jakar ƙwai duka biyu, ko wadda al'adarta ta ɗauke kafin ta kai 40, jikinta zai yi shekara goma sha wani abu ba estrojin a lokacin da ya kamata a ce yana nan. Ƙashinta zai yi rauni da wuri, zuciyarta ma tana cikin haɗari. Ga irin wannan, shawarar likitocin mata ita ce a mayar mata da sinadarin har ta kai shekarun da sauran mata ke daina al'ada, in dai ba wani dalili da ya hana. Alƙaluman WHI ba a kanta aka tattara su ba. In aka sallame ta daga asibiti ba a yi mata wannan bayani ba, an tauye mata haƙƙi.

Sai mu zo ga abin da ake kira na gargajiya ko na halitta. Da yawan magungunan homon na zamani daga tsiro ake fara su, daga waken suya da wata irin doyar daji, wadda tun shekarun 1940 masana suka gano yadda za a juya wani sinadarinta ya zama projesteron. Amma a ɗakin gwaji ake yin wannan juyi, jikin mutum ba ya iya yin sa. Don haka cin sakwara ko shafa man da aka ce na doyar daji ne ba zai ba mace projesteron ba, ko nawa ta saye shi.

Waken suya shi ne ya fi kowane samun goyon bayan bincike, kuma Allah ya hore mana shi, jihar nan tana cikin manyan masu noma shi, awara kuwa ba lungun da ba a soya ta. Yana ɗauke da sinadaran da suka yi kama da estrojin amma masu rauni ƙwarai. Wasu mata suna samun sauƙin zafin, kaɗan dai, kuma bayan makonni, wasu ba sa jin komai, domin ba kowane hanji ne yake da ƙwayoyin halittar da ke sarrafa shi yadda zai yi aiki sosai ba. A matsayin abinci ba shi da matsala, madararsa da awararsa duka. Sai dai awarar da ta sha mai aka tula mata yaji tana iya tayar da zafin da ake neman kwantarwa, domin barkono da shayi mai zafi da kofi suna cikin abubuwan da mata da yawa suka lura suna tayar musu da shi. Hulba da habbatus sauda kuwa, ƙananan gwaje-gwaje ne aka yi a kansu, ba su kai a gina hukunci ba. Wani tsiron Amurka da ake sayarwa a kwalba a manyan kantunan magani, black cohosh, sakamakon bincikensa ya saɓa wa juna, kuma an samu rahotannin lahani ga hanta. Ya kamata a san wani abu guda game da zafin nan: a gwaje-gwaje, hatta matan da aka ba ƙwayar da ba magani a ciki sukan ce sun samu sauƙi sosai, kuma shi kansa zafin yana zuwa yana tafiya. Saboda haka in Hajiya ta rantse cewa haɗin da ta saya a Kasuwar Barci ya yi mata aiki, ba ƙarya take yi ba, amma shaidarta ba ta isa ta tabbatar da cewa haɗin ne ya yi aikin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne matsi da sauran kayan matan da ake cusawa. Bushewar gaba da zafi lokacin kwanciyar aure suna cikin alamun da ba sa wucewa da kansu, ƙaruwa ma suke yi da shekaru. Mace ba za ta iya faɗa wa miji ba, tana tsoron ya ce ta tsufa, tana tsoron kishiya, sai ta nufi mai kayan mata. A ba ta garin da ba wanda ya san abin da ke ciki, wani da alif, wani da kanwa, ta sa a wurin da fatarsa ta riga ta yi siriri saboda rashin estrojin. Sakamakon shi ne ƙuna, tsagewa, ƙaiƙayi da ciwon sanyi, wato an ƙara wa Barno dawaki. Alhali wannan ita ce matsalar da ta fi sauƙin magani. Man sauƙaƙa saduwa mai ruwa-ruwa ana samun sa a kantin magani, ba homon a cikinsa. In bai wadatar ba, akwai estrojin ɗan kaɗan da ake sawa a wurin, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi ƙalilan ne, kuma nazarin 2019 ɗin nan bai ga ƙaruwar kansar mama da shi ba. Ko lambar NAFDAC da ake nunawa a jikin wasu magungunan gargajiya, a lura, galibi shaida ce ta cewa an duba ba su da guba a gwajin farko, ba shaidar cewa suna warkar da abin da aka rubuta a kwalin ba. Wanda aka ƙulla a leda kuwa ko wannan bai samu ba. Maza ma suna da rabo a nan: mijin da ya fahimci cewa sauyin jiki ne, ya yi haƙuri, ya raka ta asibiti, ya rage mata rabin wahalar.

Hanyoyin da ba magani a cikinsu suna da amfani, in ba a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Rage ƙiba yana rage zafin ga mata da yawa. Tufafin auduga marasa nauyi, musamman a Maris da Afrilu, da mafici da ruwan sanyi kusa da gado in an ɗauke wuta, suna sa dare ya yi sauƙi. Tafiyar ƙafa ta rabin sa'a ba lallai ta kashe zafin ba, amma tana gyara barci da zuciya da ƙashi. Ƙashin nan kuwa shi ne abin da ake mantawa da shi, domin ba ya ciwo sai ranar da Inna ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. Nono da kindirmo, riɗi, miyar kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duka suna ba da sinadarin gina ƙashi, hasken rana kuma yana taimaka wa jiki ya karɓe shi. Matar da take wuni a ɗaka ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi ta sha rana.

Ga wadda zafin ya hana ta sakat kuma homon bai dace da ita ba, akwai magungunan asibiti da ba homon ba ne. A 2013 Amurka ta amince da paroxetine kaɗan domin wannan matsala, ana kuma amfani da venlafaxine da gabapentin. A 2023 aka amince da wani sabo, fezolinetant, mai aiki kai tsaye a sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafi, amma yana da tsada kuma sai ana duba hanta. Ba ɗayansu da ya kai estrojin ƙarfi wajen kwantar da zafin, kuma paroxetine ba ya jituwa da tamoxifen da masu jinyar kansar mama ke sha, don haka su ma sai da likita.

Kafin a jingina komai ga shekaru, a tuna cewa gumin dare tare da rama da tari yana iya zama tarin fuka, faɗuwar gaba da jin zafi kuma suna iya fitowa daga maƙoƙo ko ciwon suga. Macen da jininta ya fara tsallake watanni har yanzu tana iya ɗaukar ciki, shi ya sa ake shawartar mai tazarar haihuwa ta ci gaba har shekara 2 bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara 1 in ta haura. Wadda kuma ta cika shekara guda cur ba ta ga jini ba, sai ga shi ya dawo, ko ɗigo ne a jikin zane, wannan ba al'ada ce ta dawo ba, kuma ba abin da za a kai wa malam ko mai kemis ba ne. Yawanci dalilin ba mai tsanani ba ne, amma ita ce alamar farko ta kansar bangon mahaifa, wadda in an kama ta da wuri aiki yake warkar da ita. Ta je sashen mata na asibiti a makon nan, a yi mata hoton mahaifa, in ta kama a ɗebi ɗan nama a gwada.